Naman Layyar Mutumin Doguwa

Ni dai Allah ya yi ni da baki. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce da ana sayen surutu a kasuwar Kiru da ni kaɗai na ishi gidanmu cefane. Da na girma na zama malamin firamare, bakin ya ci da ni, ya ci da iyalina, ban taɓa ganin laifinsa ba. Sai da furfura ta kama ni har a gira sannan ya raba ni da mutumin da na fi so a duniya bayan 'yan gidanmu, a kan tsokar nama.

Mu shida ne asali. Mun haɗu muna samari a Tiga, lokacin da ake ɗiban leburori da rani ana gyaran hanyoyin ruwa. Ba wanda ya san wani, ɗaki ɗaya kawai aka zuba mu kamar buhunan gero. Wata shekara aka ba mu hutun Babbar Sallah, da muka dawo sai ga kowa da gwangwanin madara cike da soyayyen naman layya daga gidan ubansa. Kwano ba mu da shi, sai wani tsohon tire mai zanen furanni da muka aro wurin mai tuwo. Muka juye naman duka a ciki, muka barbaɗa yaji, muka sa hannu. Can wani ya ɗaga tsoka ya ce wannan daga gani ta gidan su wane ce, ji tauri kamar fatar takalmi. Aka kwashe da dariya, aka shiga musu. Mafarin abin ke nan.

Aiki ya ƙare, kowa ya kama gabansa, aka yi aure, aka hayayyafa. Amma duk shekara, Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, sai mun haɗu a Tiga, wurin ɗayanmu da ya zauna a can ya zama ma'aikacin ruwa, yana kuma taɓa noman rani a gefe. Mai lambu muke ce masa. Mu iso da hantsi, mu wuni ƙarƙashin mangwaronsa, da yamma ya sa a yi mana farfesun tarwaɗa daga wurin masunta, mu kwana a zaure, ranar Lahadi bayan azahar mu watse. Labarin da muke bayarwa bai wuce guda biyar ba: ranar da shugaban leburori ya zame ya faɗa ruwa da hularsa, ranar da muka dafa wake da kananzir a ciki muka cinye don yunwa, da ire-irensu. Kowa ya haddace, amma in mai bayarwa ya tsallake wani wuri sai a yi masa ca a mayar da shi baya. Tiren nan ma bai koma wurin mai tuwo ba, Allah ya yafe mana.

Doka biyu gare mu, ba mu taɓa rubuta su ba. Ta farko, naman da za ka kawo sai na dabbar da aka yanka a gidanka, ba na kasuwa ba, ba na kyauta ba. Rago ne, akuya ce, ko sa kuka haɗu kuka yanka, duk ɗaya, in dai naka ne. Dalili kuwa, wasan duka a nan yake: a juye a cakuɗa, sannan a riƙa ɗaga tsoka ana faɗin mai ita, ana kushe kiwonsa da suyar gidansa. Doka ta biyu, ba a gayyata, ba a tuni, wanda kuma bai zo ba ba a tambayarsa dalili. Da wannan dokar muke taƙama. Mukan ce in har sai an tuna maka, to zamanka a gida ya fi. Har waya ta zo ta shiga aljihun kowa ba mu canja ba. Mukan kira juna a kan suna ko rasuwa, amma maganar Tiga, a'a.

Biyu sun rasu, direban Tudun Wada da wani tela, Allah ya yi musu rahama. Muka rage mu huɗu: ni, da mai lambu, da wani malamin allo na Bebeji mai sanyin magana, sai na Doguwa.

Na Doguwa manomin masara ne, dogo siriri, wuyansa kamar na zalɓe. In yana dariya ba ka jin sauti, sai dai ka ga kafaɗunsa suna rawa, hawaye na bin kuncinsa. Shi yana ce mini ɗan boko, ni ina ce masa mutumin daji, saboda sai ya keto dajin Falgore kafin ya fito cikin mutane. Tun muna samari ban tuna ranar da muka yi gaisuwar kirki ba. A Kwanar Dangora muke haɗuwa. Ni in taho daga Kiru a achaɓa, in zauna a bencin mai shayi daidai inda motocin hanyar Doguwa ke sauke mutane, shi kuma ya sauko da gwangwaninsa ƙunshe a tsohon ɗankwali, yana miƙe dogayen ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya.

"Birai sun bari ka wuce?" in ce.

"Sun bari. Sun ce in gaishe da yayansu na Kiru, wai ka kwana biyu ba ka leƙa gida ba."

Mai shayi ya riga ya saba, kofi biyu yake zubawa tun kafin mu gama. Daga nan mu shiga mota ɗaya zuwa Tiga. A wannan 'yar tafiyar, muna matse a kujerar baya, nake faɗa masa abin da ban faɗa wa kowa ba duk shekarar. Da babban ɗana ya tafi kudu ya daina aike ya daina kira, shi kaɗai ya ji daga bakina. Da likita ya ce ciwon sukari ya kama ni, shi ya riga matata ji. Ba ya ba da shawara, ba ya cewa ka yi haƙuri. Sauraro yake, yana kallon gonaki ta taga, sai can ya ce, "To, ɗan boko, ai ka faɗa." Sai in ji an sauke mini kaya. Mai baki irina abokan hira ba sa yi masa wuya, amma mai sauraro guda ɗaya na samu duk rayuwata.

A wurin tire kuwa ni ne alƙali. Ba yabon kai ba, harshena ya san nama. Ina sa tsoka a baki zan gaya maka rago ne ko tunkiya, an ba shi dusa ko ciyawa kawai ya ci, da kitsensa aka soya ko an ƙara man gyaɗa. Na mai lambu kullum laushi gare shi, don ɗanyen ganye dabbobinsa ke ci. Na malam gishiri ne ba ya ji, saboda hawan jini. Na mutumin daji ya fi na kowa, don da masara yake turke ragonsa wata da watanni, amma ko da wasa ban taɓa faɗa ba, cewa nake warin daji yake yi. Shekara da shekaru suna ƙoƙarin su ruɗe ni ba su iya ba, abin kuma ya shiga kaina.

Shekarar da abin ya faru Sallah ta faɗo tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, lambun duk ya jiƙe, muka shimfiɗa leda ƙarƙashin mangwaro muka ɗora tabarma a kai. Kowa ya kwance gwangwaninsa. Na Doguwa ne ya juye nasa a ƙarshe, ya sa hannu da sauri ya cakuɗa, abin da ba aikinsa ba ne. Na gani, amma ban kawo komai a raina ba.

Na ɗauki tsoka ta farko na ce ta malam ce, aka ce haka ne. Na ɗauki ta biyu, ƙaramin yanka, an soya ta ta yi ja sosai. Suyar gidan na Doguwa ce, na san hannun. Amma da na tauna sai na ji zare-zaren naman sa. Na ɗauki wata mai irin yankan, na ji akuya. Na sake ɗaukar wata, wannan kam rago ne, amma ba ragon da ya ci masara ba. Dabba uku a gwangwani ɗaya.

Mai hankali a nan zai haɗiye namansa ya nemi ruwa. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni, na ga na yi babban kamu. Na ɗaga tsokar sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Ragon mutumin daji bana uwarsa saniya ce, ubansa bunsuru!"

Ba wanda ya yi dariya. Da na tsaya nan ma da da sauƙi. Amma ni in na ga ba a yi dariya ba ƙarawa nake, halin malaman aji ne.

"Kai, faɗa mana gaskiya, yanka shi ka yi, ko gida-gida aka bi aka haɗo maka shi?"

Na dubi kafaɗunsa ina jira su fara rawa. Ba su motsa ba. Ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai, yana goge yatsunsa a gefen tabarma ɗaya bayan ɗaya. Mai lambu ya tashi wai zai duba injin ban-ruwa, ranar da ƙasa ke jiƙe jagab. Malam ya dubi sama ya ce kamar azahar ta yi, alhali da sauran lokaci. Sai a nan na gane abin da na yi.

A wurin alwala malam ya matso kusa da ni. Mutumin bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Tsutsa ta cinye masa masara bara. Ragon da ya turke ya sayar ya sayi taki, don kada bana ma ta wuce shi. Bai yanka ba."

"Shi ya gaya maka?"

"Bai gaya wa kowa ba. Suruki gare ni a can. Amma ko ba a faɗa ba, tun da ya juye muka gani, ni da mai lambu, muka yi shiru. Kai kaɗai ne ka tsaya kallon nama."

Ya kamata in ja shi gefe a ranar in ce ka yafe mini. Amma a tsakaninmu ba a taɓa yin irin wannan magana ba, ban san ta inda ake fara ta ba. Gani nake in na ba shi haƙuri kamar na sake tona abin ne. Sai na yi abin da na iya, na yi ta zuba surutu a kan siyasa da lalacewar hanya, har na kusa shiga maganar tsadar taki, Allah ya rufa asiri na kama bakina. Shi kuma ya ci abinci, ya yi salla, ya amsa wa duk wanda ya yi masa magana. Ranar Lahadi muka shiga mota ɗaya zuwa Kwana, yana kallon taga, ni ina kallon ƙeyar direba. Da zai shiga motar Doguwa na ce, "A gaida birai." Ya ce, "Za su ji. Sai baɗi in da rai." Na koma gida ina gaya wa kaina ai ya wuce.

Da shekara ta zagayo na iso Kwanar Dangora tun kafin mai shayi ya gama hura wuta. Na zo da shirina: zan ɗauki namansa in ce, a gaban kowa, ya fi na kowa. Na zauna a benci da gwangwanina a cinya. Motar farko ta tsaya, mata ne da kaji. Ta biyu buhunan gawayi ne da mutum biyu a kai. Duk motar da ta ɓullo daga hanyar Tudun Wada sai in miƙe, in hango wata doguwar hula ta taga in ce shi ne, sai wani ya fito. Mai shayi ya zuba kofi biyu kamar yadda ya saba, ɗaya ya huce, ya ɗauke. Da rana ta take ya ce, "Baba, yau abokin faɗan naka ya makara." Na ce hanya ce ba kyau. Na zauna har aka kira azahar, sannan na tafi Tiga ni kaɗai. A gefena wata mata ce da buhun barkono, na yi ta atishawa har muka isa.

Su mai lambu suka dubi bayana, suka ga ba kowa, ba wanda ya tambaya. Doka ce. Muka juye gwangwani uku a tire, naman ya taru a tsakiya, gefe duk fili. Ba wanda ya ce in canka, ni ma ban ɗaga tsoka ko ɗaya ba. Tun daga ranar wasan ya mutu, ba tare da wani ya ce a daina ba.

Lambarsa tana cikin wayata. Wallahi ban san sau nawa na lalubo ta ba, in zuba mata ido har hasken wayar ya ɗauke. Sai in ce ai doka ta hana a tambayi wanda bai zo ba. Ƙarya nake wa kaina. Tsoro nake ji ya ɗauka in rasa abin faɗa, ni da ban taɓa rasa magana ba. Wani lokaci kuma raina ya ɓaci in juya abin kansa: shi wane irin mutum ne? Wasan da muke yi tun ba mu da gemu, yau ne zai zama laifi? Shi bai taɓa ce mini kaina kamar tulu ba, a gaban surukina? In yi ta faɗa ni kaɗai a zaure har matata ta leƙo ta ce da wa nake.

Shekara ta biyu na sake zama a bencin har azahar. Ta uku ma haka, sai dai mai shayi ya daina zuba kofi na biyu, wannan kuma ya ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. A cikin shekarun nan ɗana na kudu ya dawo ba lafiya, muka yi jinya, ya warke, ya sake tafiya ko sallamar kirki babu. Abin yana nan a ƙirjina har yau, ban sami wanda zan faɗa wa ba. Nakan zauna a majalisa bayan la'asar in ba kowa dariya, har wani ya riƙe ciki, in tashi in tafi gida ina jin kamar ban yi magana da kowa ba ranar.

Shekara ta huɗu ciwon ƙafa ya kwantar da malam, ya aiko da namansa a hannun wani direba, da saƙon mu sa shi a addu'a. Muka rage ni da mai lambu, shi kuma kunnensa ya yi nauyi, sai ka yi masa ihu. Tsofaffi biyu ƙarƙashin mangwaro, da tire mai ɗaukar hannun mutum shida. Haƙoran ma ba na nama ba ne yanzu, tsotsa muke muna ajiyewa. Muka wuni muna kallon ruwa yana bin hanyarsa zuwa cikin shinkafa. Na ɗauko labarin shugaban leburori, na tsallake wurin hular da gangan in ga ko zai mayar da ni, sai ya gyaɗa kai kawai. Na haƙura na bar labarin.

Ranar Lahadi yana wanke tiren da kansa, bai ɗago kai ba, ya ce da ƙarfi irin na masu nauyin kunne:

"Ka je mana!"

"Ina?"

"Kai ka sani."

Na matsa kusa da kunnensa na ce doka fa.

"Dokar, mu muka yi ta, muna samari, ba mu da hankali. Ba saukar da ita aka yi ba. Baɗi ba lallai ka same ni a nan ba, ka ga sai ka zauna ka ci namanka kai kaɗai."

Da na isa Kwana, maimakon in nemi achaɓan Kiru, sai na tsallaka titi na shiga motar Doguwa. Na kira gida na ce kada a jira ni.

Sau biyu kacal na taɓa zuwa garinsu, duk biki ne ya kai ni. Muka wuce Tudun Wada, gonaki kore shar hagu da dama, muka shiga daji, duwatsu suka fara tasowa. Sai a ranar na lura da nisan hanyar. Wannan tafiyar yake yi duk shekara, zuwa da dawowa, ni kuwa da achaɓa ke sauke ni cikin ɗan lokaci nake masa tsiyar ya makara. A cikin mota na tsara maganata tsaf kamar darasi, da farkonta da ƙarshenta.

Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Ya rame, wuyan ya ƙara tsawo. Ya ɗago ya gan ni, ya ajiye fartanyar, ya miƙe tsaye, ya karkaɗe rigarsa.

"A'a, Malam! Maraba da Malam. Sannu da zuwa, sannu da hanya."

Malam. Tun da muke bai taɓa kirana haka ba. Ya ba ni hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Ya shiga gida ya fito da sabuwar tabarma ya shimfiɗa mini a zaure, shi ya zauna a ƙasa daga gefe. Ya tambaye ni gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen Kiru, bai tsallake ko ɗaya ba. Na daure na ce, "Na ga 'yan'uwanka a hanya, har sun tare mana mota." Ya yi murmushi ya ce, "Ai suna fitowa da yawa yanzu, Malam, damina ce."

Da zagina ya yi, ko ya ce in tashi in bar masa gida, wallahi da na ji daɗi.

Aka yanka mini kaza. Da aka kawo tuwo ya jera kwanonin a gabana, ya buɗe, ya ajiye ruwan wanke hannu, ya ce, "Bismilla, Malam," ya fita ya sako mini asabari. Na zauna ni da kaza guda, ina jin muryarsa a waje yana magana da maƙwabci a kan ruwan sama. Na yi loma uku don kada a ce na raina.

Da ya dawo ɗaukar kwano na ce a miƙa gaisuwata wurin uwargida, na ce hannunta bai canja ba. Ƙarya ce, miyar ko kama da hannunta ba ta yi ba, hanyar magana nake nema.

"Matar ɗana ce ta yi. Ita ai ta rasu, bara waccan, da kaka."

Na yi salati. Na ce amma ba a gaya mana ba. Ya ce, "Hidima ce ta yi yawa, Malam, a yi haƙuri." Ni aka ba haƙuri. Na yi masa ta'aziyyar da ta makara, ya amsa kowace addu'a da amin, ya kwashe kwanoni ya shiga gida. Darasin da na tsaro a mota ban sami inda zan sa shi ba.

Da safe ya ɗauki jakata zai raka ni titi. Na ce ya bari, ya ƙi. Hanyar ta bi ta cikin gonarsa, masara ta kai gwiwa, kore har tana baƙi-baƙi, raɓa na jiƙa mana ƙafar wando. Yana gaba ina baya. Kallon ƙeyarsa ya fi mini sauƙi a kan kallon fuskarsa, sai na faɗa a nan, ba tsari ba komai.

"Maganar da na yi a Tiga. Ban kyauta ba. Ka yafe mini don Allah."

"Haba Malam, ba komai. Wallahi na yafe tun a ranar."

Muka ci gaba da tafiya. Sai da muka fito bakin titi, muka tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa, sannan ya ajiye jakar ya yi magana, yana kallon inda mota za ta ɓullo.

"Waccan shekarar ni cewa na yi ba zan je Tiga ba. Marigayiya ce ta hana. Ta ce tun da ta zo gidan nan ban taɓa fasawa ba, ba za a fara a kan idonta ba. Naman da maƙwabta suka aiko mana ta hana kowa taɓawa. Ta zauna ta yanka shi ƙanana, daidai wa daida, ta je gidan ƙanwarta ta roƙo kitsen rago ta soya duka a ciki, wai don ƙanshin ya zama ɗaya. Wuni guda ta yi a kai. Da na dawo, tun ban cire takalmi ba ta ce, mai bakin nan na Kiru ya gane?"

Ya gyara tsayuwa ya ci gaba.

"Na ce bai gane ba. Na ce ka ce bana namu ya fi na kowa. Ka ga murna! Har gidan ƙanwar ta je ta ba da labari, wai ta ruɗe alƙali."

Wata babbar mota ta wuce da gudu, muka ja da baya har ta yi nisa.

"Da shekara ta zagayo, nan ma ban yanka ba. Ta sake yin irin wancan, ta ƙunsa mini. Na shiga mota. Da muka zo Tudun Wada sai na ji ƙafata ba za ta kai ni Kwana ba. Na sauka. Na ba masu dako naman, na kwana a masallacin tasha, Lahadi da yamma na koma gida na ce kuna gaishe ta. Sau biyu na yi haka."

Daga Tudun Wada zuwa bencin mai shayi ko awa ɗaya ba a yi. Ina can ina miƙewa duk motar da ta tsaya, ashe shi yana zaune a tasha yana jiran Lahadi ta yi. Na so in gaya masa wannan, bakin ya ƙi buɗuwa. Abin da ya fito kawai shi ne:

"Baɗi fa? Za ka zo? Malam ya kwanta, mai lambu ya tsufa. Ko da hannu wofi ka zo, wallahi ba mai cewa komai."

"Ai bana na yanka, Malam. Bara ma na yanka. Masara ta yi kyau, alhamdu lillahi, rago babba." Ya leƙa titi. "Ni dai da, in na dawo, akwai wadda ke tsaye a bakin ƙofa tana jira in ba ta labarin abin da kowa ya ce. Yanzu in na je, wa zan dawo in gaya wa?"

Mota ta ɓullo, ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya ɗauki jakata ya sa a ciki da kansa, ya buɗe mini ƙofa, ya leƙa ya ce wa direba, "A ba Malam gaba, baƙona ne."